Shin ƙaramin jirgi mai inji biyu ya fi mai inji ɗaya aminci?

Tambaya: Wani dattijo ya rubuto cewa ɗansa ya gama matakin farko na koyon tuƙin jirgin sama, yanzu zai koma kan ƙananan jirage masu inji biyu. Ya ce da farko hankalinsa ya kwanta, tunda in inji ɗaya ya mutu akwai na biyu, sai kuma wani ya ce masa ai hatsarin irin waɗannan jirage ya fi kisa. Yana so ya san gaskiyar magana, da kuma abin da ya fi kayar da su.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya yi wa yaron albarka. Wanda ya faɗa maka wannan magana bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo maka. Koyar da tuƙin irin waɗannan jirage shi ne aikina, don haka zan ba ka zancen yadda muke ba ɗalibanmu, ba tare da ɓoye ɓangaren da ba shi da daɗin ji ba.

Jiragen da muke magana a kansu su ne masu farfela biyu da injin fistin, masu ɗaukar mutum huɗu zuwa goma, irin su Piper Seminole da Seneca da Aztec da Navajo, Beechcraft Baron, Cessna 310 da 402, da Diamond DA42 wanda Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ke koyarwa da shi. Manyan jiragen fasinja ajinsu daban, dokar da aka ƙera su a kanta ma daban, kuma wannan bambanci shi ne tushen amsar.

Asalin maganar da ka ji daga Amurka ta fito. A 1979 hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, NTSB, ta fitar da wani nazari kan haɗurran da suka biyo bayan mutuwar inji a ƙananan jirage masu inji biyu daga 1972 zuwa 1976. Abin da ta gano ya girgiza mutane: in mutuwar inji ta kai ga hatsari, yiwuwar a rasa rai a jirgi mai inji biyu ta ninka ta mai inji ɗaya fiye da sau huɗu. Sai dai a lura, haɗurra kaɗai aka ƙirga. Matuƙin da injinsa ɗaya ya mutu a sama, ya lallaɓa da ɗayan ya sauka lafiya, ya je ya ci tuwonsa, bai shiga wannan lissafi ba, kuma irinsu suna da yawa. Ma'anar nazarin ita ce inji na biyu yakan fitar da mutum, amma ranar da abin ya ɓaci, ɓacin yakan yi muni ƙwarai. Mai inji ɗaya in injinsa ya mutu ba shi da shawara sai ɗaya, ya sunkuyar da hanci ya nemi fili ya sauka, yana riƙe da jirginsa har ƙasa. Mai inji biyu yana da zaɓi, kuma a cikin zaɓin ne ake halaka.

Abu na farko da mutane ba su sani ba: in inji ɗaya ya mutu, rabin ƙarfi ne ya tafi, amma ikon hawa sama kashi 80 cikin 100 ko fiye ne ya tafi. Jirgi ba ya hawa da duk ƙarfin injinsa. Yawancin ƙarfin yana tafiya ne wajen riƙe shi a iska, rarar da ta saura ita ke ɗaga shi, kuma rarar ce ke fara ɓacewa. Seminole, wanda makarantu da yawa a duniya ke koyarwa da shi, yana hawa sama da ƙafa 1,300 a minti da inji biyu. Da inji ɗaya, kimanin ƙafa 200 ne, shi ma a daidai gaɓar teku, cikin iska mai sanyi, tayoyi a naɗe, matuƙi ya yi komai daidai. Ya manta tayoyi a waje, wannan 200 ɗin ta tafi, jirgi ya fara sauka.

Tsohuwar dokar Amurka da aka ƙera yawancin waɗannan jirage a ƙarƙashinta ba ta ma tilasta wa ƙananansu, waɗanda nauyinsu bai wuce kimanin kilo 2,700 ba kuma suke iya tafiya a hankali, su iya hawa da inji ɗaya a tsayin ƙafa 5,000 ba. Abin da aka nema kawai shi ne kamfani ya auna ya rubuta, ko da abin da ya auna sauka ce. Jirgin fasinja kuwa dole ne ya nuna zai ci gaba da tashi ya hau ko da inji ya mutu masa yana tsakiyar gudu a kan titi.

Nan ne yanayinmu ya shigo, kuma ina so yaronka ya riƙe wannan da kyau. Zafi yana sa iska ta yi sako-sako, inji ya rasa ƙarfi, farfela da fukafukai su rasa abin kamawa. Filin jirgin Kano yana kan tsayin kimanin ƙafa 1,560, amma da ranar bazara, in zafi ya kai digiri 40, jirgi ji yake kamar yana kusan ƙafa 5,000. Filin Jos ya haura ƙafa 4,000 tun a ƙasa, in rana ta yi zafi sai jirgi ya ji kamar yana 7,000. Seminole mai cikakken lodi iyakar tsayin da inji ɗaya ke iya kai shi bai wuce wajen ƙafa 4,000 ba. Ka ga ke nan akwai ranakun da tun jirgin yana fake a ƙasa, littafinsa ya riga ya faɗa maka cewa in inji ɗaya ya mutu ba zai hau ba. Matuƙin da bai buɗe littafin ba kafin ya tashi, a sama zai gano wannan.

Wancan ɓangaren rauni ne. Ɓangaren da ke kisa shi ne karkata. Ka san garmar shanu: in sa ɗaya ya kwanta ɗayan yana ci gaba da ja, garma ba za ta tafi a miƙe ba, wajen wanda ya kwanta za ta juya. Haka jirgi yake. Inji mai rai yana ja daga fiffike ɗaya, mataccen kuma farfelarsa tana juyawa da iska tana riƙe ɗaya fiffiken baya. Abin da matuƙi ke da shi na hana hancin jirgi juyawa shi ne allon jela, wanda ake sarrafawa da ƙafa. Shi kuma allon jela ƙarfinsa daga iskar da ke bi ta kansa yake. Gudu na raguwa, ƙarfinsa na raguwa, amma jan injin bai ragu ba. Akwai gudun da in an yi ƙasa da shi, ko matuƙi ya take feda har ƙarshe, injin zai rinjaye shi. Hanci ya juya, fiffiken da ke ɓangaren mataccen inji ya faɗi, jirgi ya kife. A kusa da ƙasa wannan ba ya ɗaukar fiye da 'yan daƙiƙoƙi, kuma ba a cika fita da rai ba.

Shi ya sa a agogon gudu na waɗannan jirage za ka ga layi biyu da babu su a mai inji ɗaya. Jan layi shi ne wannan iyaka. Shuɗin layi kuma shi ne gudun da inji ɗaya ya fi ba da hawa. Ana auna gudun jirgi da not, not ɗaya kusan kilomita 1.85 ne a awa. A Seminole jan layi yana kan 56, shuɗi yana kan 88. Rayuwar matuƙi bayan mutuwar inji tana kan shuɗin layin nan. Jan layin ma kada ya ruɗi kowa, domin an auna shi ne jirgi yana ɗan jirkice zuwa ɓangaren inji mai rai, har zuwa digiri 5. Wanda ya bar fukafukansa a daidaice zai rasa iko da jirgin tun allura ba ta kai kan jan layi ba.

Ga yadda abin yake a ciki, lokacin da na janye wa ɗalibi totur ɗin inji ɗaya a wurin horo, can sama inda akwai sarari. Ƙarar ta canza, hanci ya fizge gefe. Ƙafarsa ɗaya ta danne feda, bayan ɗan lokaci za ka ga gwiwar tana rawa saboda nauyi. Idonsa yana kan agogon tsayi, ya ga allura tana sauka, hannunsa ya fara jan sitiyari baya ba tare da ya sani ba. Allurar gudu ta bar shuɗin layi, 85, 80, 75. Bai yi niyyar yin haka ba, jikinsa ne kawai ya ƙi yarda a sauka. Wannan jan hannun shi ne abin da ya fi kashe matuƙan jirage masu inji biyu, kuma ban taɓa ɗaukarsa da wasa ba ko a wurin ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari. Maganinsa abu ne da rai ba ya so: a sunkuyar da hanci, in kuma jirgi ya fara rinjaya, a rage ƙarfin inji mai ran. In ƙasa ta matso, a rufe totur duka biyu a sauka a miƙe a kan abin da ke gaba, gona ce ko daji. Jirgin da ya taɓa ƙasa fukafukansa a daidaice, matuƙi na riƙe da shi, galibi mutanen ciki suna fita. Wanda ya zo ƙasa a kife ba ya cika barin kowa.

Darasin nan da rayuka aka saye shi. A shekarun 1960 a Amurka ana gwada wa ɗalibai jan layi a kusa da ƙasa, domin a can ne inji ke da cikakken ƙarfi. Piper Twin Comanche, wanda ya fito a 1963 kuma makarantu suka rungume shi, ya yi ta kifewa da malamai da ɗalibai a irin wannan atisaye. Daga baya aka ɗaga gudun jan layinsa, aka sauya tsarin horo, aka kafa wani gudu da ba a yarda malami ya kashe inji da gangan a ƙasa da shi ba. Kamfanin ya kuma fitar da samfurin da farfelolinsa ke juyawa a saɓa wa juna, don kada mutuwar injin hagu ta fi ta dama wahala, kamar yadda take a jiragen da farfelolinsu ke juyawa ɓangare ɗaya. Can sama kuma akwai wani tarkon. Inji yana rage ƙarfi, don haka jan layi na gaskiya yana sauka har ya haɗu da gudun da fiffike ke daina ɗaukar jirgi. In biyun suka zo tare, jirgi yakan shiga katantanwa yana faɗowa, kuma doka ba ta nemi a gwada cewa waɗannan jirage suna iya fita daga katantanwa ba. Malamin kirki yana dakatar da atisayen tun daga alamar farko.

Sai kuskuren kashe injin da bai yi laifi ba. Mataccen inji dole a juya ganyen farfelarsa su fuskanci iska da kaifinsu, farfelar ta tsaya, in ba haka ba jan da take yi baya ya isa ya cinye ɗan hawan da ya rage. Dole kuma a yi da wuri, domin a yawancin waɗannan jirage in juyawar ta yi ƙasa sosai wani ƙarfe yakan kulle ganyen. Ga gaggawa, ga liba shida a jere a gaban matuƙi. Ranar 3 ga Satumban 1999 wani Cessna 404 ya tashi daga Gilasgo a Sikotilan da mutum 11. Injin hagu ya lalace jim kaɗan bayan tashi, matuƙin, wanda gogagge ne, ya tsayar da farfelar dama. Mutum 8 suka rasu. Manyan jirage ma ba su tsira ba: a Kegworth ta Ingila a 1989 mutum 47 suka mutu, a Taipei ta Taiwan a 2015 mutum 43, duk bayan an kashe lafiyayyen inji. Shi ya sa muke koyar da cewa ƙafar da ba ta danna feda, ɓangarenta ne mataccen inji yake, sannan ba a yarda da ƙafar ma ba sai an tabbatar: a janye totur ɗin wanda ake zargi a hankali, in babu abin da ya canza, to shi ne.

Duk wannan bayani a kan mutuwar inji ne, amma kada ka ɗauka ita ce kaɗai. Da yawa daga cikin waɗannan jirage sun faɗi injinansu biyu suna aiki lafiya lau.

Lodi na cikin manyan dalilai. Jirgi mai kujera shida ba lallai ne ya iya ɗaukar mutum shida da jakunkuna da cikakken tanki ba. Ranar 25 ga Agustan 2001 wani Cessna 402 ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Marsh Harbour a tsibiran Bahamas, mutum 9 suka mutu, cikinsu har da mawaƙiyar nan ta Amurka, Aaliyah. Bincike ya nuna lodin ya wuce ƙa'ida da kimanin kilo 320, nauyin ya koma baya, matuƙin kuma ba shi da izinin tuƙa wannan jirgi. Abin da ke damuna a irin wannan shi ne matashin matuƙi yakan san lodin ya yi yawa, kunyar manyan fasinjoji da tsoron rasa aiki ke rufe masa baki. Ka koya wa yaronka tun daga gida cewa faɗin "ba zan tashi ba" cikin ladabi wani ɓangare ne na sana'ar.

Yanayi kuma yana kama masu inji biyu fiye da yadda ake zato, saboda su ne ake fita da su da dare, cikin gajimare, kan ruwa da tsaunuka, inda mai inji ɗaya zai haƙura ya kwana. Gwamnan jihar Mizuri a Amurka, Mel Carnahan, ya rasu ranar 16 ga Oktoban 2000 a wani Cessna 335, da dare cikin ruwan sama. Agogon da ke nuna wa matuƙi ko jirgi a daidaice yake ne ya lalace, matuƙin ya rasa sama da ƙasa. A 1972 wani Cessna 310 ɗauke da 'yan majalisar Amurka biyu, Hale Boggs da Nick Begich, ya ɓace a Alaska tsakanin Anchorage da Juneau, har yau ba a gan shi ba. Mu nan hazon hunturu yana shafe iyakar sama da ƙasa da rana tsaka, hadarin damina kuma yakan taso da iskar da ƙaramin jirgi ba ya iya ja da ita. Inji biyu ba sa ƙara wa mutum gani.

Matsalar man jirgi kuwa ita ce ke kashe inji biyu a lokaci guda. Tankunan waɗannan jirage suna da sarƙaƙiya. A Cessna 310, alal misali, tankunan da ke ƙarshen fukafukai su ne manya, na cikin fiffike su ne na taimako, kuma rarar man da inji bai ƙona ba manyan take komawa, don haka wanda ya fara da na taimako alhali manyan suna cike, zubar da mai yake yi a iska. An sha samun jirgi ya faɗi da mai a tanki, matuƙi ne ya juya makunnin zaɓen tanki ba daidai ba. Sai kuma zuba man da ba shi ba. Fetur ɗin jirgi shuɗi ne, man jet kuwa kananzir ne mai haske kamar ruwa. In aka zuba kananzir a injin fetur, zai tashi lafiya da ragowar man da ke bututu, ya kai mutum ƙarshen titi, sannan duka biyun su shaƙe. Haka ta faru da shahararren matuƙin nan Bob Hoover a San Diyego, ya tsira, daga baya aka faɗaɗa bakin bututun man jet don kada ya shiga tankin fetur. Duk da haka a Oktoban 2019 wani Piper Aerostar ya faɗi a Kokomo ta jihar Indiyana saboda wannan kuskuren. Ni ina sa ɗalibi ya tsaya a kan mai zuba mai, sannan ya tsiyayi kaɗan a kofi ya ɗaga wa haske. Gauraye yakan nuna shuɗi har yanzu, don haka sai a ɗiga a farar takarda. Fetur zalla zai bushe ba tabo, in da kananzir zai bar maiƙo. DA42 shi injinsa na dizal ne, kananzir ɗin yake sha, wanda hakan ya dace da mu tunda fetur ɗin jirgi yana wahalar samu a nan, amma yana nufin matuƙi ya san jirgin da yake kai a yau, kada ya tafi da abin da ya saba jiya.

Sauran sukan fi lalata jirgi fiye da ɗaukar rai: sauka an manta tayoyi, ko tayoyin su naɗe. Ƙofa ma takan buɗe bayan tashi. Ta fasinja yawanci ƙara ce kawai da firgici, amma ƙofar ma'ajiyar kaya ta hanci ta jawo mutuwar mutum 6 a wani Piper Navajo a Kodiyak ta Alaska a Janairun 2008. Ga kuma tsufa, domin yawancin waɗannan jirage an ƙera su ne a shekarun 1960 da 1970, kuma kula da inji biyu kuɗi ne ninki biyu. Mai jirgin da ke ƙwauron gyara don yana da inji na biyu ya ci amanar duk wanda ya hau.

Game da yaronka, matakin da zai shiga dole ne ga duk mai son tuƙa jirgin fasinja, kuma horon yau ya fi na da tsari nesa ba kusa ba. DA42 liba ɗaya ce ga kowane inji, kwamfuta ke kula da sauran, ana kuma yin atisayen da ya fi haɗari a na'urar kwaikwayon tuƙi a ƙasa. Ni lokacin makaranta bai fi tsorata ni ba, domin a lokacin ɗalibi kullum yana jiran a kashe masa inji. Abin da nake tsoro shi ne shekara biyu ko uku bayan lasisi, hannu ya yi sanyi, an daɗe ba a yi atisaye ba, ga fasinjoji, ga zafi, ga jirgi cike. A ganina duk mai tuƙa irin wannan jirgi ya koma wurin malami a kashe masa inji aƙalla duk wata shida, ko doka ba ta nema ba.

In ya zo hutu, Alhaji, ka tambaye shi abin da yake faɗa da bakinsa kafin ya saki birki. Ya kamata ya amsa ba tare da dogon tunani ba: in inji ya mutu ina kan titi, zan rufe totur biyu in tsaya, in na tashi tayoyi suna waje, zan rufe biyun in sauka a gabana, in tayoyi sun naɗe kuma na kai shuɗin layi, zan riƙe shi, in gane mataccen, in tabbatar, in tsayar da farfelarsa. Ka kuma tambaye shi ƙafa nawa a minti jirginsa zai hau da inji ɗaya a zafin ranar da ya yi tashinsa na ƙarshe. In ya ba ka lamba, makarantar tana aikinta. In ya ce jirgin yana da ƙarfi, ka ce ya koma wurin malaminsa da littafin jirgin su lissafa tare.